Shinge a Kan Laka: Haƙa Ramin Kafin Ka Sayi Dashen

Dashe 14 na jera a gefen filina, ina son su tashi da wuri su kare ni daga idon masu wucewa. Kafin damina ta biyu ta fita, 9 sun mutu. Mai sayar da dashen bai cuce ni ba. Ya ce suna saurin girma, ganyensu kuma ba ya kaɗewa, kuma gaskiyarsa ce. Abin da bai tambaye ni ba, ni ma ban ga dalilin faɗa masa ba, shi ne irin ƙasar da za su zauna a kai. Ƙasata laka ce, irin wadda in an yi ruwa sai ta ƙwace maka takalmi, in rana ta buɗe kuma ta daddare har ka zura hannu cikin tsagar.

Ba na manta ranar da na tuge na farkon da ya mutu. Kwana biyar ina ganin ganyensa a langaɓe kamar mai jin ƙishi, ni kuwa ina ta ɗura masa ruwa da bokiti safe da yamma. Da na kama gindin na ja, sai ya biyo hannuna ba gardama. Saiwoyin da ya kamata su zama farare masu ƙwari sun rine sun yi baƙi-baƙi, in ka murza sai fatar ta saɓule ta bar maka wani siririn zare. Ramin kuwa wari yake kamar kwatami. Ashe ba ƙishi ke damunsa ba, nutsewa yake yi, ni kuma ina ƙara masa ruwa.

Tun daga nan na daina fara zancen shinge da sunan itace. Da rami nake farawa.

Ana yawan zagin laka, ni ban yarda muguwar ƙasa ce ba. Attajira ce mai rowa. Masana ƙasa suna kiran ƙwaya laka in girmanta bai kai kashi 2 cikin 1000 na milimita ɗaya ba, alhali ƙwayar yashi takan kai har milimita 2. Waɗannan mitsi-mitsin ƙwayoyi shimfiɗaɗɗu ne, suna kwanciya kan juna suna mannewa, suna riƙe ruwa da abincin shuka irin su fotashiyam da kalsiyam da magniziyam, waɗanda a jigawa ruwan sama ke wankewa ya wuce da su. Abinci akwai, ruwa akwai. Iska ce babu. Saiwa numfashi take yi kamar ni da kai. A ƙasa mai kyau kusan rabin cikinta 'yan ƙofofi ne da ruwa da iska ke rabawa. A laka ƙofofin sun yi ƙanana ƙwarai, da an yi ruwa sai ya cike su ya kori iskar, ya kuma ƙi tafiya. A irin wannan jiƙon ne wata cuta mai kama da funfuna ke samun gindin zama, wadda ake kira Phytophthora, ma'anar sunan da Girkanci mai hallaka tsiro. 'Ya'yanta iyo suke yi cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa har su cimma saiwa.

Ga kuma abin da ya sa mai dawwamammen ganye ya fi shan wahala: itacen da ke zubar da ganye yana da lokacin hutu, wannan kuwa duk shekara ganyensa na fitar da ruwa, duk shekara yana roƙon saiwa. In saiwar ta ruɓe, ba shi da inda zai ɓuya.

To, kafin ka je wurin masu dashe, ga aikin da za ka yi. Ɗebi ƙasa cikin tafin hannu daga zurfin kamar taƙi ɗaya, ka yayyafa mata ruwa ka murza. In ta dunƙule ta yi sheƙi, kuma da ka matse ta tsakanin babban yatsa da manuni ta fito kamar zare mai faɗi ta wuce santimita 5 ba ta karye ba, laka ce. Wannan gwajin minti biyu ne, amma abin da yake gaya maka kaɗan ne, don laka ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ke kan gangara, ruwa na zamewa ya bar ta, akwai ta kwari wadda ke shanye ruwan maƙwabta duka.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na rami. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, faɗinsa ma haka, daidai inda shingen zai bi. In layin yana da tsawo, haƙa uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Cika su da ruwa ka bar shi ya tsotse, wannan na jiƙa ƙasar ne kawai. Washegari ka sake cikawa, ka kafa kara a ciki ka yi masa alama a bakin ruwan, ka dawo bayan awa ɗaya ka auna. In ruwan na sauka santimita 2 da rabi ko fiye a awa, ƙasarka na da nauyi amma tana numfashi, yawancin abin da zan lissafa a ƙasa zai zauna. In bai kai haka ba amma ramin ya ƙafe cikin yini, sai ka zaɓi masu jure jiƙo kuma ka dasa a kan tudu. In ka kwana ka tashi ka tarar da ruwan na kallonka, ajiye zancen itace tukuna, magudana kake bukata. A filina rami biyu sun ƙafe kafin la'asar, na ukun kwana biyu ya yi da ruwa har kwaɗo ya tare a ciki. A daidai wannan ɓangaren ne mafi yawan dashena suka mutu.

Tunda ka haƙa, dubi launin ƙasar da ka fito da ita. Ja ko ruwan ƙasa alamar iska na shiga ne. In ka ga toka-toka ko shuɗi-shuɗi da ɗigo-ɗigon tsatsa, wannan ƙasa takan daɗe cikin ruwa duk shekara, ko da yau ka same ta a bushe ƙarau. Sannan ka busar da ɗan ɓarɓashi ka ɗiga masa ruwan khal, wato binega. In ya yi kumfa yana tsiyaya, akwai farar ƙasa mai yawa a ciki, kuma a irin wannan laka shuke-shuke da yawa ba sa iya tsotsar sinadarin ƙarfe: sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kawai ne kore. Shuke-shuken ado irin su Gardenia da Ixora da Camellia duk ba sa shiri da ita, kar ka ɓata lokacinka.

Yanzu sai zaɓe. Zan fara da wurare masu zafi, inda ruwa ba ya daskarewa.

Oliyanda, wato Nerium oleander, shi ne wanda bai taɓa ba ni kunya ba. A asalinsa, a ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum zuwa Asiya, cikin ƙoramu yake fitowa, waɗanda ke ambaliya wani lokaci su ƙafe wani lokaci. Halin laka ke nan sak, jiƙo yau fari gobe, shi ya sa yake jin kamar a gida yake. Yakan ƙara santimita 30 zuwa 60 a shekara, ya yi fure fari ko ja ko ruwan hoda, in ya tsufa ya yi ƙwarangwal ka sare shi kusa da ƙasa ya sake tohowa. Amma kyan ɗan maciji gare shi. Ganye, fure, ɓawo, ruwan jikinsa, duk guba ne mai taɓa zuciya, hayaƙinsa ma in an ƙona ba lafiya ba ne. Ganye kaɗan na iya kashe dabba. In akwai awaki ko tumaki da ke kai baki, ko yara ƙanana masu sa komai a baka, ni dai ba zan dasa shi ba, komai dacewarsa da ƙasar. Haka ɗan'uwansa mai rawayan fure, Thevetia peruviana. In kuwa ka dasa, sa safar hannu ranar aski, kuma kada rassan da ka yanke su shiga murhu.

Wanda na fi ba mutane shawara a kai in akwai dabbobi shi ne Callistemon, ɗan ƙasar Ostareliya, mai jan fure kamar burushin wanke kwalba. Nau'in da ake kira viminalis a bakin rafuka yake tsirowa can garinsu, saboda haka kwana biyu cikin ruwa ba ya tayar masa da hankali, in ya kafu kuma yana jure fari. A ɓangaren da kwaɗo ya tare, shi na sa daga baya, bisa tudu, ya kuma zauna. Aibinsa biyu: rassansa na lanƙwasowa ƙasa, ba ya ba da katanga miƙaƙƙiya sai da yawan datsa, sannan in lakarka ta yi kumfa da khal, ganyensa zai yi rawaya.

Viburnum odoratissimum daga Asiya yake, ganyensa manya masu sheƙi, yana cika wuri da sauri, in an ƙyale shi ya haura mita 5. Yana son laka mai danshi, amma in rani ya yi tsawo sai ka shayar da shi. Duranta erecta, mai ƙananan ganye kore ko ruwan zinare da ake yawan gani a bakin hanyoyin shiga gidaje, ita ma tana zama a laka matuƙar ruwa ba ya kwanciya. Sai dai ka sani ka ɗauko wa kanka aiki: da damina mako uku ba ka sa mata almakashi ba ta yi buzu-buzu, kuma 'ya'yanta masu ruwan lemo guba ne ga yara da karnuka. Akwai kuma Morella cerifera ta kudu maso gabashin Amurka, wadda ke jure jiƙo da fari duka, ƙwayoyin halittar da ke zaune a saiwarta kuma suna samar mata da sinadarin naitirojin daga iska. Ganyenta na da mai mai kama wuta, kar a manna ta da gini a inda gobarar daji ke tashi.

Lalle ma yana yin shinge, yana kuma zama a laka mai nauyi, ga jure zafi. In ya tsufa yakan yi ƙaya, wanda ga shinge ba aibi ba ne. Amma ba zan yi maka alkawarin kore duk shekara ba. In fari ya tsananta ba a shayar da shi, yakan zubar da ganye. A nan ne mutane ke ruɗewa: saurin girma daban, riƙe ganye daban. Bini-da-zugu ka soka reshensa ya kama, amma da rani ya shigo sai ya tuɓe ya bar ka da sanduna, kuma ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Zogale ya fi kowa gudu, amma a lakar da ruwa ke kwanciya gindinsa ruɓewa yake. Boganbiliya ma haka, tana son ƙasa mai tsanewa. Lantana camara kuwa za ta zauna ko'ina, matsalar ke nan: tana cikin jerin tsirrai da dabbobi 100 mafiya mamaye wuri a duniya, tsuntsaye na yaɗa irinta, tana kuma lalata hantar shanu. Ko kyauta aka ba ka, ka gode ka bar ta.

Ga wanda ke zaune a ƙasar sanyi, inda ake dusar ƙanƙara kuma laka ke kwana a jiƙe duk hunturu, jerin ya sauya. Prunus laurocerasus, lorel mai faɗin ganye, shi ne jakin aikin: santimita 30 zuwa 60 a shekara, yana jure inuwa, yana tohowa daga tsohon itace in an sare. Ganyensa na ɗauke da gubar sayanayid, don haka shi ma ba na kusa da dabbobi ba ne. Photinia mai laƙabin Red Robin, wadda aka samar a ƙasar Niyuzilan, sabon ganyenta ja wur yake fitowa, kyakkyawa ce, amma a wuri mai sanyi da danshi ganyen na yin ɗigo-ɗigo ya zube ta bar ƙasanta a buɗe. Elaeagnus ebbingei ba ta da kwalliya sosai, bayan ganyenta kamar azurfa, furenta ƙanana masu ƙamshi da kaka, amma tana jure iska mai ƙarfi kuma ita ma saiwarta na samar da naitirojin. Pyracantha na da ƙaya, ɓarawo ba ya sonta, tsuntsaye na son 'ya'yanta. Viburnum tinus ba ta da sauri kamar waɗannan, amma laka ba ta dame ta ba. Waɗanda za ka guje wa su ne tsirran busassun duwatsu irin su labanda da rozmeri da Ceanothus. Hunturu ɗaya cikin jiƙaƙƙiyar laka ya ishe su.

Bari in ɗan kauce in ba da labarin wani itace, don yana nuna inda son sauri ke kai mutum. Ana kiransa Leylandii, haɗin aure ne tsakanin itatuwa biyu na Amurka da ya faru a wani gandu a yankin Wales a 1888. Yakan ƙara kusan mita ɗaya a shekara, yana kuma zama a laka, sai mutanen Birtaniya suka yi ta dasa shi a matsayin shinge. Sai dai ba ƙaramin itace ba ne, bishiya ce da ke haura mita 20, in kuma ka yanke shi har cikin busasshen reshe ba ya sake toho. Rigimar maƙwabta kan tare hasken rana ta yi yawa har dokar da aka yi a 2003 ta ba ƙananan hukumomi a Ingila ikon sauraren ƙara kan shinge mai dawwamammen ganye da ya wuce mita 2. Itacen da ya yi gudu ya kai tsayin da kake so ba ya sanin ya iso. Shi ya sa duk lokacin da zan zaɓa nakan yi tambaya biyu bayan ta ƙasa: ina zai tsaya in an ƙyale shi, kuma in na sare shi da ƙarfi zai toho? Wanda amsarsa ta biyu a'a ce, ba na kai shi gida.

Wata shawara da na koya da tsada: kar ka jera iri ɗaya tal daga farko har ƙarshe. Iri biyu ko uku da ke shiri da juna sun fi, in cuta ta kama ɗaya ba za ka wayi gari a tsirara ba. Na san bai kai shinge mai launi ɗaya tsari a ido ba. Ni na haƙura da tsarin.

A wurin saye kuma, ido na son babba. Ka danne zuciyarka ka ɗauki matsakaici, mai tsayin santimita 40 zuwa 60. Ƙaramin dashe ya fi saurin kama ƙasa, sau da yawa cikin shekara biyu zuwa uku ya kamo babban da ya tsaya jinyar saiwarsa. Sauri kan haifi nawa. Roƙi mai sayarwa ya zare maka ɗaya daga leda ko tukunyarsa ka gani. Saiwa fara mai yawan gashi ake so. In ka ga ta nannaɗe tana zagaye kamar gammo, ta daɗe a ɗaure, kuma a laka irin wannan ba ta cika warwarewa ta fita ba. Shinshina ƙasar ledar ma, in tana tsami ka ajiye.

Dasawa ita ce inda na yi kuskuren da ya kashe mini tara ɗin nan, don haka zan daɗe a nan. Abin da na yi a lokacin, ina ganin gwaninta ce: na haƙa ramuka masu zurfi, na kwashe lakar na zubar, na cika su da baƙar ƙasa mai laushi da taki, na dasa. Wato na ƙera randa a cikin ƙasa na sa itace a ciki. Ruwan sama ya bi ƙasa mai laushin ya gangara, ya tarar da bangon laka ta ko'ina, ya tsaya. Shebur ɗin ma ya goge bangon ramin ya yi sumul kamar an yaɓe shi, ko saiwar da ta tsira ba ta da ta inda za ta huda.

Ga yadda nake yi yanzu. Ba na haƙa laka tana jiƙe sharkaf, don duk inda ka taka ko ka danna ya dunƙule ke nan, ba na kuma haƙa ta tana ƙarau kamar dutse. Lokacinta shi ne in ka dunƙula ta a hannu ka saki ta faɗi ta wargaje. Maimakon rami-rami, nakan sassauta layin gaba ɗaya, faɗin kamar mita ɗaya, zurfin bakin shebur. A kan duk layin nake baza ruɓaɓɓen taki da ruɓaɓɓen ganye, kaurin santimita 5 zuwa 10, in cakuɗa da ƙasar wurin. Ka lura, duk layin, ba cikin rami kaɗai ba, kuma takin da ya gama ruɓewa, ba ɗanye mai zafi ba. Daga nan in ja ƙasar in yi kunya mai faɗi, tsayin santimita 20 zuwa 30, gefenta na gangarowa a hankali. A bisa kunyar nake buɗe gurbi, faɗinsa ninki biyu ko uku na dunƙulen saiwar, zurfinsa kuwa kar ya wuce dunƙulen ko da yatsa ɗaya. In bangon ya yi sheƙi sai in caccake shi da bakin fatanya. Wuyan dashen, inda kara ke komawa saiwa, ya zauna sama da ƙasar da ke kewaye da shi da kamar yatsu biyu zuwa uku, don ƙasa za ta zauna daga baya. A laka gara ka dasa sama-sama da ka binne. Ka mayar da ƙasar, ka danna da tafin hannu ba da diddige ba, ka ba shi ruwa sau ɗaya mai kyau.

Za a ce maka ka zuba yashi laka ta saki. Kar ka fara. Kafin yashi ya sauya halin laka sai ya kai kusan rabin ƙasar, abin da ya gaza haka kuwa ƙwayoyin laka ne za su cike tsakanin yashin, ka samu abin da ya fi kusa da tubali. Tsakuwa a gindin rami ma ba ta tsane ruwa, ɗago shi take yi kusa da saiwa. Hodar jifsam, wani farin ma'adini da ake tallatawa, tana aiki ne musamman a lakar da gishirin sodiyam ya yi wa yawa, ba kowace laka ba. Abin da ke gyara laka na haƙiƙa shi ne ruɓaɓɓen abu, da tsutsar ƙasa wato tana, da haƙuri. Shi ya sa bayan dasawa nake lulluɓe kunyar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon itace ko ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, in bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan don kar ya ruɓar da wuyan, ko ya zama gadar gara. Wannan lulluɓin na hana saman laka yin ɓawo da darewa, kuma duk shekara in ka ɗaga za ka ga tsutsar ƙasa ta ƙaru, ƙasar ta fara yin gari-gari.

Tazara tsakanin dashe: santimita 60 zuwa 90 ga yawancinsu, oliyanda da manyan Viburnum kuwa mita ɗaya ko fiye. Cusa su kusa-kusa na rufe ido da wuri, amma bayan shekaru sai su shaƙe juna ƙasansu ya kwaɓe. Lokacin dasawa kuma ka kauce wa tsakiyar jiƙo: a ƙasar zafi farkon damina, kafin ƙasa ta ƙoshi, a ƙasar sanyi farkon kaka tun ƙasa na da ɗumi, ko bayan hunturu in ta tsane.

Akwai abu guda da ba a cika faɗa ba. Wasu lakokin, musamman baƙar nan mai daddarewa, kumbura suke in sun sha ruwa, su tsuke in sun bushe. Itace mai saurin girma mashayin ruwa ne. In ka manna shi da gini, da rani zai zuƙe danshin da ke ƙarƙashin harsashin, ƙasar ta tsuke, bango ya tsage. Ƙa'idata ita ce nisan shinge daga gini kar ya gaza tsayin da zan bar shi ya kai. Ficus benjamina kuwa, duk da yana yin shinge mai kyau da sauri, ba na yarda ya kusanci katanga ko bututun ruwa ko shadda, saiwarsa ba ta da kunya.

Shayarwa a shekarar farko na bukatar yatsa, ba kalanda ba. Kafin ka zuba ruwa, tura yatsa cikin dunƙulen saiwar kansa, sannan cikin lakar da ke gefe, don sukan saɓa: ƙasar da dashen ya zo da ita na iya bushewa alhali lakar na jiƙe, ko akasin haka. In akwai danshi a zurfin yatsa, koma da bokitinka. In za ka ba shi, ba shi a hankali, don busasshiyar laka ba ta shan ruwa da gaggawa, ko ya gangare ta sama ko ya zurare cikin tsaga. Takin zamani kuwa ba na sa shi a shekarar farko. Na riga na ce laka attajira ce, kuma tura ganye ya yi yawa kafin saiwa ta kafu ba taimako ba ne.

Aski tun yana ƙarami ake farawa, ko da zuciya ba ta so. Da dashen ya kama ya fara sabon toho, ka tsinke kawunan rassan don ya yi 'ya'ya ta ƙasa. In ka bar shi ya miƙe don kana ɗokin tsayi, za ka samu shinge mai gashi a ka da ƙafafu tsirara, kaji na wucewa ta ƙarƙashi. Ka riƙa barin gindin ya fi saman faɗi kaɗan don rana ta samu rassan ƙasa. Masu manyan ganye irin lorel da Viburnum da ƙaramin almakashin reshe ake bin su ɗaya-ɗaya, babban almakashi na raba ganyen biyu, bakin yankan ya ƙone ya yi muni.

In kuma ɗaya ya mutu a tsakiyar layi, kar ka yi saurin cusa wani a gurbinsa. Tone shi ka dubi saiwar ka shinshina ramin. In busasshiya ce fara-fara, ƙishi ne, laifin bokiti. In baƙa ce mai saɓulewa, kwashe ƙasar da ke manne da ita ka kai nesa, ka wanke shebur ɗin, ka ƙara wa kunyar tsayi a wurin, ka yanka 'yar magudana daga gefenta zuwa inda ƙasa ta fi gangara. Ka bar gurbin a buɗe har a yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, ka fito da safe ka ga ko ya tsane. Sannan ka sa wani iri dabam, ba irin wanda ya mutu ba.